Kwamfuta a Kwalin Kifi

Ku 'yan matan da Anti Rifkatu ta turo ku koyi aikin shafi a wurina, na ji abin da ɗayarku ta faɗa shekaranjiya tana cire takalmi a bakin ƙofa. Cewa ta yi, "Ashe dai wannan ne aikin? A ɗauki hoto a danna?" Ban tanka ba saboda ɗiyata Ummi na kuka. Yanzu ta yi barci, shi ya sa na ce bari in rubuta muku. In da baki na fara, yarinyar za ta tashi ne a tsakiya in manta inda na tsaya.

Aikina shi ne riƙe shafin matan tungarmu a intanet. Tungar tana bakin tafki ta wajen Ngaski, kuma da wuya ku shiga gida ba ku tarar da banda na hayaƙi ba. Maza su kamo, mata su gyara su kyafe, ni kuma in ɗauki hoton abin da ya sauko daga wuta in ɗora, in rubuta ko na wace ce da irin kifin. Masu saye na nesa su duba su kira. Akwai kuma wani ɓangare da nake zuba muryoyin tsofaffi: yadda aka yi zaman tsibiri kafin ruwa ya ci garuruwan da, waƙoƙin daka, sunayen kifaye da harshen Gungawa. Wannan ɓangaren ba ya sayar da ko kifi ɗaya, amma akwai mutanenmu da ke nesa da gida waɗanda shi kaɗai suke buɗewa.

Aiki na farko da na yi da kwamfuta katin suna ne. Lokacin ina zaune wurin gwaggona a Yelwa, na bar makaranta, ina yi wa Anti Rifkatu shara da aike a shagonta na buga takardu. Wani mai shayi ya zo yana son kati, ita kuma tana fama da injin da ya cije takarda, sai ta ce, "Rakiya, zauna ki rubuta mishi." Da yatsa ɗaya na yi, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ina kai ƙarshe aka ɗauke wuta, komai ya tafi. Mai shayi ya yi tsaki ya ce zai dawo. Anti ba ta yi faɗa ba. Da wuta ta dawo ta nuna mini inda ake dannawa a adana, ta ce, "Duk abin da ke wuri ɗaya ba naki ba ne, aro aka ba ki. Kin ji ko?" Na ce na ji. Na daɗe a shagon. Na koyi rage nauyin hoto, na koyi cire faifan ajiyar kwamfuta da mayarwa, na koyi gane kukan fanka mai lafiya da mai ciwo. Ranar Lahadi in ta tafi coci ni ke buɗe shago.

Da aka yi aurena na koma tunga, ɗakinmu jikin gidan mahaifiyata, Inna Hajo. Mutane sun kawo kwanoni da zannuwa, Anti kuwa ta shigo jirgi da tsohuwar kwamfutar shagonta. Ita ta haɗa komai da hannunta. Ta ce daga yau wannan akwatin shi ne gidan shafin: duk wanda ya buɗe shi a wayarsa, ko a Legas yake, daga cikin ɗakina ake miƙa masa hoton. In akwatin na kunne shago a buɗe yake, in ya mutu shago ya rufe. Na tambaye ta me ya sa ba za mu zuba a dandalin sada zumuntar da kowa ke zubawa ba. Ta ce can kasuwar wani ce, ranar da ya ga dama ya tashe ki, kuma hoton jiya nitsewa yake ƙarƙashin surutun yau. A can mukan yi shela kawai, kaya kuwa suna gida.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Farantin sola a kan rufi, wanda tsuntsayen ruwa suka mayar wurin hutawa, sai an hau an goge. Batir a ƙarƙashin gado. 'Yar na'urar kamo sabis tana cikin robar fenti, mai gidana ya ɗaure ta a kan gora mai tsawo, don a ƙasa sabis ba ya sauka tungarmu. In iska ta juya gorar sai an fita an juyo ta ta fuskanci Yelwa. Babban abokin gaba kuwa hayaƙin banda ne. Hayaƙin kifi mai maiƙo ne, yana shiga fanka ya daskare kamar ƙanzo. Duk mako nakan buɗe murfi in goge da gashin kaza da tsohon buroshin haƙori. Kwamfutar nan in ta yi zafi ƙamshin tarwaɗa take yi, har kyanwa ke zuwa ta kwanta a jikinta.

Hoton kifi ma ba dannawa ba ne kawai. Na tuna wani giwan ruwa da aka kamo farkon shekarar da na fara, wanda sai da maza biyu suka rataya shi a sanda. Inna ta yanka shi gunduwa-gunduwa ta kyafe a hankali da itacen da ba ya baƙanta nama. Na ɗauka da tsakar rana ya fito fari fat kamar rogo. Na ɗauka a ɗaki ya fito kamar gawayi. Sai washegari da hantsi, a inuwar zana, na jera shi a tire na ajiye kwalin ashana a gefe don a san girmansa, sannan ya fito kifi. Wata mai gidan abinci a Abuja ta gani ta kira, kuma har yau tana saye. Daga ranar na riƙe ƙa'ida: hantsi, inuwa, ashana. Kuma ba a shafa wa kifi mai don ya yi ƙyalli. Wata a tungar ƙetare ta yi haka, hoto ya yi kyau, kaya suka isa, mai saye ya kira ya tambaya ko a hanya aka musanya masa.

Masu saye iri-iri ne. Akwai mai kira tun kafin a yi sallar asuba a gama. Akwai mai son a karya kifi a nuna masa ciki. Akwai wanda in shafi ya ƙi buɗewa sau ɗaya ba zai kira ya tambaya ba, tunga ta gaba zai nufa. Wannan na ƙarshen shi ya fi yawa, kuma shi ya sa na zama mai leƙen fitilar batir kamar mai jinya.

Shekarar da ruwa ya hau ita ce mummunar shekara. Batir ya tsufa, in hadari ya rufe rana tun safe kafin la'asar shafi ya mutu. Ummi ta fara rarrafe, ba abin da take so kamar igiyar wuta. In na shiga wanka sai na ɗaure ta a bayan Inna. Sannan farin ruwa, wato cikar kogi ta ƙarshen damina, ya zo da ƙarfi, tafki ya cika ya shigo har bakin ƙofa. Muka ɗora kwamfuta a kan turmi, turmin a kan gado, mu muka koma kwana gidan Inna da ke tudu. A cikin wannan hali wata mai saye da ke son kaya masu yawa na biki ta buɗe shafi ta tarar a rufe, ta sake ta tarar a rufe, ta saya a wani wuri. Matan tunga suka zo mini da rana, ba su ko zauna ba. Babbarsu ta ce, "Uwar Ummi, mu mun yi namu, kihi na nan shina jiran ƙwari. Naki shagon na bai buɗe ba." Gaskiya ta faɗa.

Na kira Anti. Ta ce lokacin haya ya yi. Akwai kamfanonin da ke da manyan kwamfutoci a ɗaki mai sanyi inda wuta ba ta ɗaukewa, su ba ki wuri, ki kwashe kayan shafinki ki zuba can, ki riƙa biya duk shekara. Sunan shafin naki ne, shi za a juya ya riƙa nuna sabon wuri. Na ce, "Anti, ba ke kika ce kasuwar wani ba ta da tabbas ba?" Ta ce, "Wannan ɗaki ne kika kama da makullinki, ranar da kika so ki kwashe kayanki ki fita. Kuma gidan kanki da ruwa ke shiga bai fi haya a tudu ba." Matan suka yarda za a riƙa haɗa kuɗin hayar daga ciniki.

Matsalar ita ce kwashewar. Na gwada turawa daga tunga, sabis ya riƙa yankewa, abin ya koma farko, data ta ƙone a banza. Filashin da nake da shi ƙarami ne, rubutu da lambobin masu saye kawai ya ɗauka. Hotuna da muryoyi na shekaru suna cikin faifan kwamfutar, ba su da na biyu a ko'ina, don wayata nakan share ta in samu wurin sababbi. Anti ta ce babu dabara sai in kawo akwatin Yelwa, inda sabis ke da ƙarfi. Jirgi kuwa mai zuwa Yelwa kai tsaye sai ranar kasuwa.

Da safiyar ranar ina juya kwamfutar ina neman zanen da zan naɗe ta, Inna ta shigo.

"Kawo nan, ke ba ki iya ɗauri ba. Ƙarhen ga in ya sha ruwa mutuwa shikai, ko?"

"I, Inna."

"To a yi mishi irin na giwan ruwa."

Ta ɗauko kwalin kifi, ta shimfiɗa leda, ta zuba busasshiyar ciyawa, ta kwantar da kwamfuta, ta cusa ciyawa ta kowane gefe har ba ta motsi, ta rufe ta ɗaure da igiya da irin ƙullinta. A jikin kwalin akwai alamarta, zobe da layi biyu da shuɗin fenti. Kowace mai banda da tata alamar, kuma a gidanmu babu kwalin da ba shi da ita. Na ga alamar sarai. Na ce ai a hannuna zai tafi.

A jirgi Ummi ce a cinyata, kwali a tsakanin ƙafafuna. Kayan Inna na sayarwa suna gaba tare da na sauran mata, ita ba ta zo ba, tana da kifi a wuta. Ba mu yi nisa ba aka tsaya wata tunga aka ɗauki buhunan shinkafa, jirgi ya karkata. Mai jirgi ya miƙo hannu.

"Uwar Ummi, miƙo kwalin ga gaba."

"Malam, ba kifi ba ne."

"Ko zinari na, jirgi bai san shi ba. Miƙo."

Aka bi da shi hannu zuwa hannu, wani ya ga alamar ya jera shi cikin na Inna. Tun daga nan har Yelwa idona na kansa. Na san shi, shi ne na biyu daga sama, igiyarsa sabuwa.

Ku da kuka tashi a cikin gari ba lalle ku san yadda ake sauke jirgin kifi ba. 'Yan dako ba sa jiran a ɗaure jirgi, cikin ruwa suke shigowa har gwiwa. Kuma ba sa tambayar kowa. Kowannensu ya san alamomi, kowace alama ta san dillalinta. Da tsayawa ake a tambayi mai kaya, da kasuwa ta tashi ba a sauke jirgi ɗaya ba. Ni kuma dole in goya Ummi kafin in taka katako. Na sunkuya na ɗora ta, majanyi ya zame, na sake. Da na ɗago gaban jirgi babu komai sai ruwan da ya taru a ƙasa.

Na nufi Baba Noma, shugaban 'yan dakon, yana zaune a kan kifaffen kwalekwale yana cin goro.

"Baba, kwalina!"

"Wace alama?"

"Zobe da layi biyu."

"Na Hajo? Ai sun kai rumfar Alhaji Bawa."

"Baba, guda ɗaya ba kifi ba ne a ciki, kwamfuta ce."

Ya daina taunar goro ya dube ni. "Ɗiyata, mu alama muka ɗauka, ba mu ɗaukar ciki. Yi sauri."

Rumfar Alhaji Bawa, dillalin Inna, cike take da kwalaye a buɗe. Haka ake yi: a kwance igiya, a zaro kifi daga ƙasa, a karya a duba ciki, a sansana, sannan a yi ciniki. Na duba ban ga shuɗin zobe ko ɗaya ba. Alhaji ya ce, yana murmushi kamar mai yi mini albishir, "Kayan Hajo ai ba su zama. Madam Uju ta kwashe duka, an tura tasha." Shekara da shekaru ba a buɗe kwalin Inna a rumfar nan. Da kwalin wata ce, da an kwance shi an ga abin da ke ciki an yi dariya an ajiye mini a gefe. Kyawun sunan Inna ne ya wuce da shi. Motar Madam kuwa kudu za ta, tafiyar kwanaki a hanya mai ramuka, da kaya jibge a kai.

Na tare ɗan kabu-kabu. Ya ce, "Hajiya, riƙe yarinya da kyau," muka kutsa tsakanin masu kwando da masu baro. A hanya abin da nake lissafawa shi ne in kwalin na ƙasan lodi, wa zai yarda a sauke mota saboda ni.

Motar na nan, an ci rabin lodi. Madam Uju tana tsaye a bayanta. 'Yar kudu ce da ta daɗe tana sayen kifi a Yauri, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ba ta buɗe kwalin Inna, amma tana da wata al'ada da ba ta ɗaga wa kowa: kafin kwali ya shige ciki sai an kawo shi kusa da kunnenta an girgiza. Kifin da ya bushe da kyau yana ƙara a cikin kwali, ƙwas-ƙwas. Wanda bai bushe ba nauyi gare shi, kuma shiru yake yi, kafin ya kai kudu ya ruɓe ya ɓata na kusa da shi.

Na tarar tana waya da ƙarfi, duk tasha na ji. "Alhaji, ni da Hajo shekara nawa? Yau ni za ta yi wa haka? Kwali nauyi kamar dutse, kuma ba ya magana! Ɗanye ne, na ce a sauke shi!"

Can gefe, a ƙasa, ga kwali a kwance ta haƙarƙari, kusurwa ɗaya ta lotse. Igiyarsa sabuwa. Da ta ce a sauke shi, ɗan lodi bai sauko da shi ba, daga bakin mota ya sako shi.

Na durƙusa na kwance ƙullin Inna, na yaye ciyawa. Mutane suka taru. Sai wani ɗan lodi daga saman mota ya ce, "Kai! Wanga da wace hwatsa anka kamo shi?"

Wani ya ɗaga igiyar wutar ya ce, "Ragon ruwa na, ba ka ga wutsiya ba?"

"A'a, ku sansana, wallahi kihi na, an dai kyahe shi da yawa!"

Madam ta sauke waya, ta leƙa, ta yi dariya har ta zauna a kan buhu. Da ta nutsu ta ce, "Ke ce ɗiyar Hajo mai shafi? A cikin wannan abin nake ganin kifi a wayata?" Na ce i. Ta ce, "To yau na gan shi ido da ido. Yi haƙuri, 'yata, da na sani da ban bari an jefo shi ba." Ta saya wa Ummi ruwan leda, ta sa aka ɗora mini kwalin a kabu-kabu.

Ban kai shagon Anti ba waya ta yi ƙara. Inna ce. Maganar da aka yi a rumfar Alhaji ta riga ta hau jirgi ta waya ta isa tunga.

"Rakiya, mi nika ji? An ce kihina ya komo?"

"Inna, ba kifi ba ne, kwalin kwamfuta ne."

"Ni za ki gaya ma? Ni na ɗaure shi! Mutane sun sani?"

"Na tasha duk sun gani."

"Na tasha! Na bakin ruwa hwa? Na tungayen ƙetare hwa?" Ta kashe waya.

Anti Rifkatu ta ji labari ba ta yi dariya ba, kusurwar da ta lotse take kallo. Ta jona wuta ta kunna. Fanka ta juya, ƙamshin tarwaɗa ya cika shago, sai daga ciki wani sauti ya fara, ƙyat, ƙyat, kamar tsaka a bango. Nan take ta kashe. Ta kwance murfi, ta zaro faifan, ta haɗa shi da tata kwamfutar.

"Faifan nan ya ji ciwo," in ji ta. "Yana iya ba mu komai, yana iya tsayawa yanzu. Faɗi abin da za a fara kwashewa."

Rubutu na cikin filashi, saura hotuna da muryoyi. Hannunta har ya nufi hotuna, don su ne kasuwa. Na ce a fara da muryoyi. Kifi gobe ma za a kamo, in sake ɗauka. Kaka Tani kuwa, wadda ta fi kowa sanin sunayen tsibiran da ruwa ya ci, ta rasu da damina, ba a sake ɗaukar ta. Anti ta ce to. Layin da ke nuna tafiyar aiki ya riƙa ja yana tsayawa. Faifan ya yi zafi, na yage gefen kwalin ina yi masa fifita, Ummi na barci a bayana. Muryoyi suka gama shiga. Aka fara hotuna daga sababbi ana komawa baya. Ana cikin haka ƙyat-ƙyat ɗin ya yi sauri, sannan ya yi shiru. Anti ta cire ta mayar, ta sake, bai ƙara motsi ba. Hotunan shekarun farko sun tafi, har da giwan ruwan nan mai kwalin ashana.

Sauran aikin ba shi da labari, amma shi ne aikin. Anti ta zaɓi kamfanin da in an kira mutum ke ɗauka, kuma suna ajiye kwafi. Aka buɗe wuri da sunana, aka ba ni lambar sirri. Ɗora kaya ya ci yinin nan da washegari, na kwana gidan gwaggo. Ba mu juya sunan shafi ba sai da muka buɗe sabon wurin ta wani adireshi na gwaji muka bi shi shafi-shafi. Wurare da yawa sai ramin hoto babu hoto, don rubutun yana neman sa a tsohon mazauninsa. Waɗanda muke da su muka nuna musu sabuwar hanya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka tafi da faifai muka goge raminsu. Kowace murya sai da na danna na ji ta fara magana. Sannan aka juya suna. Shi ma ba ya juyawa lokaci ɗaya: matar Abuja ta kira ta ce shafi ya dawo har ya fi sauri, ni kuwa wayata na nuna a rufe. Kamar mai rumfa ne ya tashi, wasu sun ji, wasu suna zuwa tsohon wuri. Anti ta ce kada in taɓa komai, in jira. Jiran ya fi ɗorawar wuya.

Yanzu in hadari ya taso wanki nake kwashewa, ba batir nake leƙawa ba. Amma kada ku ɗauka haya ta ɗauke aiki. Kamfani ba ya tashi da hantsi ya jera kifi a tire. Ranar biyan haya in ta wuce rufe ɗakin za a yi, shi ya sa tun da saura nake bin matan. Duk abin da na ɗora yana da kwafi a gida da kwafi a shagon Anti. Kuma a saman sif ɗina akwai kwali ɗaya da na hana a shafa masa fenti. Ƙarfen tsohuwar kwamfutar kuwa, Inna ta ɗauke, a kansa take zama in tana juya kifi. Madam Uju har yau ba ta buɗe kwalinta, sai dai in an girgiza takan ce, "Kifi ko kwamfuta?"

Gobe ku zo da hantsi, ku tarar da ni a bakin bandar Inna. Tire za ku fara wankewa. Amma kafin ku zo ku buɗe shafin, ku duba abu na farko da aka ɗora bayan ƙaura, yana nan a sama, an hana ni sauke shi. Ranar da na dawo tunga ban ko kwance goyo ba Inna ta fito da zanenta na zuwa biki, ta karɓi kwalin da ya lotse ta riƙe shi a gaba, alamar na kallon waya. Ta tambaya ko sabon wurin yana kaiwa har tungayen ƙetare. Na ce har inda ba ta sani ba. Ta ce to in ɗauka, hoto da murya. Ta gyara tsayuwa ta ce:

"Ni ce Hajo mai zobe da layi biyu. Kowa shi ji. Tun da nike banda kihina bai taɓa komowa ba. Abin da ya komo ƙarhen ɗiyata na, shi kuwa ba ni na kyahe shi ba."